Kurajen fuska: matsewa da man bilicin ne ke barin tabo

Da wuya a leƙa ajin sakandare ba a ga fuskokin da kuraje suka feso wa ba. Likitocin fata a Amurka sun ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 suna yin su, ko da 'yan kaɗan ne. Sai dai kowa da fassararsa: wannan ya ce ƙazanta ce, wancan ya ɗora wa gyaɗa laifi, yayye kuma su sa yarinya a gaba da tsokana wai aure take so.

Aure ba ya cikin lissafin. Da balaga ta zo, sinadaran jiki kan sa fata ta riƙa fitar da maiƙo fiye da da. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cutar da dama can suke zaune a fatar su samu wurin hayayyafa, sai wurin ya kumbura ya ɗuri ruwa. A ɓangaren abinci kuwa, bincike ya fi zargin yawan kayan zaƙi da madara a kan gyaɗar da ake ta tsangwama.

Babbar ɓarna daga hannun mai kurajen take fitowa. Saurayi ya tsaya gaban madubi ya matse ƙurji da farce, ya dangwala masa man goge baki ko lemon tsami ya kwana da shi. Ƙurjin da zai baje cikin 'yan kwanaki sai ya bar baƙin tabon da zai yi watanni, don baƙar fata da ta ji rauni sai ta ƙara duhu. Budurwa kuma ta nufi kemis: “Don Allah a ba ni man da ke cire tabo.” A miƙo mata man bilicin da ke ɗauke da clobetasol ko betamethasone. Makon farko fuska ta yi luwai-luwai, ƙawaye su yaba. Daga baya fatar ta yi sirara, jijiyoyi su bayyana, sababbin kuraje su taso sun fi na da yawa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya.

Maganin gaskiya ba shi da tsada, haƙuri yake buƙata. A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mara ƙarfi, ba da soso ba. A rage man kitso mai nauyi da ke gangarowa goshi. Likitoci kan fara da benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5, wanda ke kashe ƙwayoyin cutar, amma a kula, yana koɗar da hijabi da rigar matashin kai. Akwai kuma adapalene, da ake shafa gwargwadon ƙwayar wake da daddare don buɗe ƙofofin da suka toshe. Dukansu suna busar da fata, musamman da hunturu, kuma sai an yi mako 6 zuwa 12 kafin a ga canji. A nan ne yawancin matasa ke karaya su watsar.

Idan kurajen manya ne masu zafi, ko suna barin ramuka, ko sun sa yaro ya fara gudun mutane, iyaye su kai shi wurin likitan fata. Mai ciki ko mai shirin ɗauka kuwa, kada ta kusanci adapalene ko wani maganin kurajen da ake kira isotretinoin. Na biyun yana nakasa jariri tun a ciki.