Babu Layar Zana a Intanet: Gaskiya da Ƙarya Game da Sashen Duhu

Gabatarwa

A tatsuniyoyi da labarun ɓarayin da, akan ambaci layar zana, wadda aka ce in mutum ya ɗaura ta sai ya ɓace wa idanun jama'a, yana ganin kowa babu mai ganinsa. A wannan zamani ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa an sami irin wannan laya a intanet. Suna jin labarin wani ɓangare da ake kira "dak web" da Ingilishi, wanda a nan za mu kira sashen duhu, inda aka ce mutum yakan yi abin da ya ga dama ba tare da an san shi ba. Wannan zato ya jefa mutane da dama cikin gidan yari, ya kuma sa wasu sun saki jiki da sirrinsu a inda bai kamata ba. Saboda haka wannan darasi zai bi kurakuran fahimta guda biyar da suka fi yaɗuwa, domin mai karatu ya san abin da kowace dabarar ɓuya take ɓoyewa, da wanda take ɓoye wa, da kuma abin da take bari a sarari.

Sassan intanet guda uku

Masana sukan kasa shafukan intanet kashi uku. Na farko shi ne sashen sarari, wato shafukan da injin bincike irin Google yake iya kaiwa gare su, kamar jaridu da shafukan makarantu. Na biyu shi ne sashen ciki, wato duk abin da yake bayan kalmar sirri ko yake ajiye a rumbun bayanai, kamar akwatin wasiƙunka na imel, da asusunka na banki, da sakamakon jarrabawar da ba ya buɗuwa sai an sa lambar ɗalibi. Na uku shi ne sashen duhu, wato shafukan da aka ɓoye wurin da suke da gangan, waɗanda ba a shigarsu sai da manhaja ta musamman. Mafi shahara daga cikin irin waɗannan manhajoji ita ce Tor.

Kuskure na farko: sashen duhu ne mafi girman intanet

An sha nuna wani zane na ƙaton dutsen ƙanƙara a cikin teku, ana cewa ɗan kan da ya fito shi ne intanet da muka sani, sauran kuwa duk duhu ne. Asalin wannan kuskure shi ne gwama sashen ciki da sashen duhu. Gaskiya ne sashen ciki ya fi na sarari girma nesa ba kusa ba, amma abin da ya cika shi ai wasiƙu ne da takardun ofis da bayanan asibitoci da bankuna. Duk ɗalibin da ya taɓa duba sakamakon JAMB ko WAEC ya riga ya shiga sashen ciki. Sashen duhu kuwa ɗan mitsitsi ne idan aka kwatanta shi da sauran. Hasali ma, mafi yawan masu amfani da Tor shafukan sarari suke ziyarta da ita. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2020 ya ƙiyasta cewa waɗanda suke shiga ɓoyayyun shafuka ba su kai kashi 7 cikin 100 na masu amfani da ita a kowace rana ba.

Kuskure na biyu: miyagu ne suka ƙirƙira shi

Dabarar da Tor take aiki da ita ta samo asali ne daga cibiyar binciken sojojin ruwan Amurka a tsakiyar shekarun 1990, inda Paul Syverson da Michael Reed da David Goldschlag suka nemi hanyar kare sadarwar gwamnati. An fitar da Tor ga jama'a a shekarar 2002, kuma tun 2006 wata ƙungiya mai zaman kanta, wadda ba ta neman riba, take kula da ita. Akwai hikima a sakin ta ga kowa. Da a ce jami'an gwamnati kaɗai ke bin wannan hanya, da duk wanda aka gani a kanta an san jami'i ne. Mai son ɓuya dole ya nemi taro, kamar yadda baƙo yakan saje a kasuwa ranar da take ci, amma ya yi fice a ranar da ba kowa.

Babu musu akwai ɓarna a sashen duhu: cinikin miyagun ƙwayoyi, da sayar da bayanan da aka sato, da hotunan cin zarafin yara. Sai dai kuma akwai masu amfani da shi ta hanyar da ta dace. Facebook ya buɗe ɓoyayyen adireshinsa a 2014, BBC ma ta yi haka a 2019, domin mutanen ƙasashen da ake toshe musu labarai. 'Yan jarida kuma sukan karɓi takardu ta wannan hanya daga masu tona asirin almundahana. Labarun da ake bazawa na shafukan da ake hayar makasa kuwa, waɗanda aka bincika an tarar damfara ce. A shekarar 2016 an kutsa cikin wani irin wannan shafi mai suna Besa Mafia, aka ga masu shi kuɗi kawai suke karɓa, bayanan da suka fita kuma suka kai ga kama wasu daga cikin waɗanda suka biya.

Kuskure na uku: Tor takan ɓatar da mutum gaba ɗaya

Domin fahimtar wannan sai mun duba yadda take aiki. Kowace na'ura da ta hau intanet tana da lambar adireshi, wadda ake kira adireshin IP, kuma da ita ake mayar mata da amsa. Tor takan kulle saƙonka sau uku, kulle a kan kulle kamar ɓawon albasa, sannan ta bi da shi ta zango uku, waɗanda kwamfutoci ne na 'yan sa kai da ke warwatse a duniya. A ɗauka ka sa wasiƙa a ambulan uku, ɗaya cikin ɗaya. Ɗan aike na farko ya san daga hannunka ta fito, amma da ya buɗe ambulan ɗinsa sunan ɗan aike na biyu kawai zai gani. Na biyu bai san mai wasiƙa ba, bai kuma san inda za ta ƙare ba. Na uku ya san gidan da zai kai ta, amma bai san wanda ya rubuta ba.

Abin lura a nan shi ne abin da aka ɓoye ɗaya ne tak: alaƙar da ke tsakanin mai aikewa da wurin da saƙo ya nufa. Kamfanin da ya ba ka intanet yana iya ganin cewa kana amfani da Tor. Ɗan aike na uku kuma yana iya karanta wasiƙar idan ita kanta ba a kulle take ba. A shekarar 2007 wani mai bincike ɗan ƙasar Suwidin, Dan Egerstad, ya kafa irin waɗannan zangunan ƙarshe, ya tattara kalmomin sirri na akwatunan imel na ofisoshin jakadanci, har ya wallafa guda 100 don ya nuna haɗarin.

Ga wani misali da ya shafi ɗalibai. A watan Disamba na 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Harvard ya aika da saƙon ƙarya cewa an dasa bam, don kawai ya kauce wa jarrabawa. Ya yi amfani da Tor, amma ta hanyar intanet ɗin jami'ar, wadda sai da sunan ɗalibi ake hawanta. Masu bincike ba su fasa kullen Tor ba. Sun duba ne su ga su wane ne suka hau ta a jami'ar kafin isowar saƙon, suka je suka yi masa tambayoyi, ya amsa laifinsa.

Kuskure na huɗu: shafin sirri da VPN sun wadatar

Manhajojin buɗe shafuka irin su Chrome da Firefox suna da wata taga da ake kira ta sirri. Aikinta shi ne hana wayarka ko kwamfutarka ajiye tarihin shafukan da ka buɗe, don kada wanda ya ari na'urar bayanka ya gani. Amma shafin da ka ziyarta, da kamfanin sadarwa, da mai kula da intanet ɗin makaranta, duk suna ganin zuwanka. A shekarar 2024 Google ya amince zai goge ɗimbin bayanai domin sasanta wata ƙara da aka kai shi a Amurka a kan tattara bayanan masu amfani da wannan taga.

Ita kuwa VPN, 'yan Nijeriya da yawa sun san ta ne lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Abin da take yi shi ne ta ɗauki zirga-zirgarka a kulle ta kai wa kwamfutar wani kamfani, daga can ta wuce. Ke nan ka ɓoye wa kamfanin wayarka, ka danƙa amanarka ga mai VPN, wanda ya san adireshinka ya kuma san inda ka nufa. Idan kuma ka shiga shafin zumunta da sunanka, ko da lambar wayar da aka haɗa da lambarka ta shaidar ɗan ƙasa, to ka riga ka gabatar da kanka tun daga bakin ƙofa.

Kuskure na biyar: sunan ƙarya da Bitcoin ba sa barin sawu

Mafi shaharar kasuwa a sashen duhu ita ce Silk Road, wadda Ross Ulbricht ya kafa a 2011. A farkon wannan shekara ya tallata ta a wani dandalin tattaunawa na sarari da laƙabin "altoid". Bayan wasu watanni ya sake amfani da wannan laƙabi yana neman ma'aikaci, ya kuma sa adireshin imel mai ɗauke da cikakken sunansa. Wani jami'in hukumar harajin Amurka ya gano wannan alaƙa a 2013 ta hanyar bincike a Google. An kama Ulbricht a watan Oktoba na shekarar a wani ɗakin karatu a birnin San Faransisko, kwamfutarsa tana buɗe a gabansa. An yanke masa ɗaurin rai da rai a 2015, sannan Shugaba Donald Trump ya yi masa afuwa a Janairun 2025. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Haka kuma a 2017 'yan sandan ƙasar Holan sun ƙwace wata kasuwa mai suna Hansa a asirce, suka ci gaba da tafiyar da ita kusan wata guda suna tattara bayanan masu saye da sayarwa.

Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, yana rubuta kowane ciniki a wani kundi da kowa yake iya dubawa, kuma ba a gogewa. Babu suna a cikin kundin sai lambobi, amma ranar da mai lamba ya je canza kuɗinsa a kamfanin da ke neman katin shaida, duk cinikinsa na baya yana iya bayyana. A 2021 hukumomin Amurka sun ƙwato Bitcoin sama da 50,000 daga wani da ya sace su a Silk Road tun 2012.

Ko mutumin da bai aikata laifin komai ba, ana iya gane shi daga ƙananan alamu. Latanya Sweeney ta nuna a shekarar 2000 cewa abubuwa uku, wato ranar haihuwa da jinsi da lambar gidan waya ta unguwa, za su iya ware kimanin kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka ɗaya bayan ɗaya. Hoton da aka ɗauka da waya ma yakan ɗauki bayanin wurin da aka ɗauke shi, kuma ta haka aka gano cewa John McAfee yana ƙasar Gwatamala lokacin da yake gudun 'yan sanda a 2012.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa kowace dabara tana da iyakarta. Tagar sirri tana kare ka daga mai aron wayarka, VPN daga kamfanin sadarwa, Tor kuwa daga mai son haɗa ka da shafin da ka nufa. Babu ɗaya daga cikinsu da za ta kare mutum daga abin da ya faɗa da bakinsa, ko sunan da ya maimaita, ko hoton da ya watsa. Kare sirri haƙƙi ne, kuma ya dace ɗalibi ya koye shi: ya riƙe kalmar sirri dabam ga kowane asusu, ya rage bayyana ranar haihuwarsa da unguwarsa, ya kuma rubuta kowane saƙo da tunanin cewa wata rana za a iya danganta shi da shi. A Nijeriya dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta tanadi hukunci a kan damfara da barazana ta intanet, ko da wane suna aka aikata su.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Bambanta tsakanin sashen ciki da sashen duhu, tare da misali biyu na sashen ciki daga rayuwar makaranta.
2. A misalin ambulan uku, me kowane ɗan aike ya sani, me kuma ya ɓace masa?
3. Me ya sa aka gano ɗalibin Harvard alhali ba a fasa kullen Tor ba?
4. Lissafa bayanai uku game da kanka waɗanda, in aka haɗa su, za su ware ka daga duk sauran 'yan makarantarku.