Darasi: Yaro Ya Fi Gane Abin Da Ya Taɓa

A shekarar 1907, wata likita 'yar ƙasar Italiya mai suna Mariya Montessori ta buɗe makarantar yara a unguwar talakawa a birnin Rum. Ta lura yaro ya fi gane abin da ya taɓa da hannunsa. Sai ta bar kowane yaro ya zaɓi aikinsa, malama tana lura da shi.

Yau wasu makarantun Islamiyya suna bin wannan hanya. Yaro yakan ɗauki buta ya yi alwala da kansa, malam yana gyara masa. Yakan zana harafi da yatsa a kan yashi kafin ya riƙe alƙalami. Yakan koyi ƙidaya da 'ya'yan tsamiya. Manyan yara suna taimakon ƙanana.

Wannan hanya ba ta cin kuɗi. Yaron da ake yi wa bulala kullum yakan tsani makaranta, har ya gudu. Wanda aka ba shi abin yi kuwa, da murna yake zuwa.

Tambayoyi:
1. Wace shekara aka buɗe makarantar Rum?
2. Me yaro zai ƙirga da shi a gida?