Kafin a damƙa wa malamin Makarantar Lahadi yaranmu

A wata majami'a da ke bayan garin Kafanchan na tarar da yara sun fi sittin a gindin mangwaro, daga ɗan shekara 3 har ɗan shekara 12, malama ɗaya tal. Littafin darasi na Turanci ne a hannunta, tana karantawa layi-layi tana juyawa zuwa Hausa. Na gaba sun zuba mata ido, na baya suna jifan juna da ƙwallon mangwaro. Da aka tashi na tambayi wani yaro abin da ya koya yau, ya ce, "An ce mu yi shiru." Malamar ta biyo ni bakin ƙofa, idonta ya ciko. Ta ce, "Mama, ranar da aka nemi mai taimako na ɗaga hannu, Lahadi ta zagayo aka miƙo mini littafi. Ba wanda ya nuna mini komai."

Na koyar a firamare shekaru masu yawa kafin in koma horar da masu aikin sa kai, kuma maganarta ta daɗe tana cin raina. Horar da ma'aikata ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Mishan ɗin SIM ya zauna a Kwoi tun 1910, makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro kuma tana yaye ma'aikata tun shekarun 1930. Fasto sai ya sha karatu na shekaru kafin a ba shi ikilisiya. Amma mai riƙe yara, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, alli kawai muke ba shi da "Allah ya taimaka".

Abin da nake fara yi a wurin horo shi ne in karɓe littafin. Kowane malami ya tashi ya ba da labarin da ka, cikin minti biyar, kamar yadda kaka take tatsuniya. Da yawa a nan suke gane cewa wa'azin manya suke yi wa yara. Sai mu ɗauki misalin mai shuka a Markus sura 4. Ina kawo faifai huɗu: ɗaya da busasshiyar ƙasar hanya, ɗaya da tsakuwa, ɗaya da ƙaya, ɗaya da ƙasar lambu, in ba yaro tsabar dawa ya watsa da hannunsa. Ɗan manomin citta daga Jaba ko Kachia ba ya bukatar dogon bayani. Shi zai gaya maka wadda za ta tsiro. Darasi ɗaya, gaskiya ɗaya, aya ɗaya ta haddacewa, ya isa.

Sai harshe. Muna da Littafi Mai Tsarki na Hausa tun 1932, amma kalmomi irin su "fansa" da "baratarwa" sun fi ƙarfin ɗan shekara 6, balle wanda Jju ko Tyap ko Fantswam ake yi masa a gida. Malami ya tambayi yaro me ya fahimta, ya bar shi ya amsa da harshen da ya fi zama a bakinsa.

Sai raba yara bisa shekarunsu, wannan kuwa ba sai da ɗaki ba: ƙanana a tabarma, manya a benci, a wata inuwar.

Abin da ba na sassautawa a kai shi ne hana bulala. Cikin yaranmu akwai waɗanda suka gudo da dare daga ƙauyukan Kaura da Zangon Kataf, tsawa kaɗan sai jikinsu ya ɗauki ɓari. Wanda ya ƙi magana, a zauna kusa da shi, a ba shi takarda ya yi zane. Kuma kowane aji manya biyu. Kada a bar babba ya keɓe da yaro, ko wane ne shi.

Dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata, roƙona gare ku: ku ware wani abu daga baiko don alli, takardu da kuɗin motar malamai, ku ba su Asabar huɗu na horo kafin su shiga aji. A sa shi da rani, bayan bikin Afan na Kagoro, tsakanin Janairu da Maris. Da ruwa ya sauka kowa yana gona, ba za ku sami ko rabinsu ba.