Darasi na 9: Yaro Mai Ciwon Suga a Makaranta

'Yan uwa, ina cikin iyayen nan Kwaciri masu yaro mai ciwon suga, irin wanda sai da allurar insulin kullum. Ba shan zaƙi ke kawo shi ba, jikin yaron ne ya daina yin insulin. A gida idonmu na kansa, amma daga boko zuwa Islamiyya wuni guda ba ma tare.

Ki faɗa wa malamai

Wasunmu kan ɓoye, wai kar a ji, musamman in mace ce. Ni dai farkon kowane zango nakan je da ƙafata wajen hedimasta da malamin aji, haka ma malamin Islamiyya. Ina roƙon abu uku: a bar shi ya fita fitsari, a bar shi ya sha ruwa, a bar shi ya ci abu ko ana tsakiyar darasi.

In suga ya sauka

Wannan ya fi gaggawa. Yakan faru in an yi allura bai karya sosai ba, ko bayan guje-guje. Za a ga gumi, karkarwa, yunwa, jiri, ko ya riƙa magana ba kai. Wani sai ya ce iska ce, wani ya ce iya shege ne ya ɗauko bulala. A'a. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, a ba shi suga cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi. Bayan minti 15 a sake gwadawa. In babu na'ura, a ba shi kawai. In ya suma, kar a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a kira ki, a yi asibiti da shi.

Jakarsa

Suga a ƙulle a leda, biskit, ruwa, da kati mai sunan ciwon da lambar wayarki. Insulin ba ta son zafin Kano, ba ta son ƙanƙara. In babu wuta, ina sa tawa a roba mai murfi cikin randa.

Ina kuɗin?

Nan ƙungiya ta shigo. Insulin da tsinken gwaji ba sa jiran ranar rabo. Ki lissafa kuɗinsu na wata, ki raba huɗu, ki riƙa warewa duk sati kafin ribar sana'a ta shige cefane. Kar ki rage masa allura don kwalba ta kai ƙarshen wata. In ta matse, ki nemi asusun taimakon juna, don irin wannan muka kafa shi. Ranar ganin likita kuma, ko Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, a tanadi kuɗin adaidaita tun da wuri.

Mu tattauna

1. Me ke hana mu gaya wa malamai?
2. Dokar asusunmu ta yarda a fitar da kuɗin magani a ranar da aka nema?