Gidan Sarautar Gobir: Gado da Cancanta

Mu da muka tashi a ƙasar Sabon Birni da Isa mun saba jin ana cewa "Sarkin Gobir", amma kaɗan ne cikinmu suka san asalin gidan. Bari mu duba.

Sarki Babari ne ya kafa Alƙalawa. 'Ya'yansa Bawa Jan Gwarzo da Yakubu da Nafata duk sun yi sarauta bi da bi, sa'an nan Yunfa ɗan Nafata ya hau. A zamaninsa ne mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa a 1808. Gidan bai mutu ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri, wadda ke Jamhuriyar Nijar yanzu. Daga can ne Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni.

Mu lura da yadda gadon ke tafiya. A Ingila, babban ɗa ne bisa al'ada ke gadon sarautar gidan manya, ko ya iya ko bai iya ba. A Gobir kuwa 'yan sarki da yawa ke nema, Taran Gobir su zauna su zaɓi ɗaya. Ga kuma Inna, 'yar gidan sarauta, mai faɗa a ji a fada.

Ashe jini yakan kai mutum ƙofar fada ne kawai, hali da aiki ke shigar da shi. Mu ɗalibai, sunan gidanmu ba zai zauna mana jarrabawa ba.