Kada Garin Gyaran Gira A Rasa Ido

Jama'ar Beri da sauran garuruwan masarautar Kontagora, a da gyaran amarya bai wuce lalle da dilka da halawa da turaren wuta ba. Yau wayar hannu ta nuna wa 'ya'yanmu allurar cika fuska. Siririyar allura ake tsirawa a leɓe ko kunci ko ƙasan ido, a ɗura wani ruwa mai kauri kamar jiƙaƙƙen ƙaro, sai wurin ya ciko. Wanda aka fi ɗurawa sunansa hayaluronik asid, kuma jiki kan shanye shi cikin wata 6 zuwa 18.

Wannan takarda domin mai shan maganin fargaba da damuwa aka rubuta ta. Ruwan allurar a inda aka zuba shi yake zama, ba ya faɗa da ƙwayar da ke cikin jini. Haɗarin daga wata ƙofa yake shigowa.

Wasu magungunan da likita ke rubutawa a sha kullum, irin su fuluwozetin da satralin, suna rage saurin daskarewar jini. Mai shan su ta fi saurin samun taruwar jini a inda allura ta shiga, balle in ta haɗa da asfirin ko ibuprofen. Wannan da sauƙi, cikin kwanaki yake bajewa.

Babbar magana tana ga diyazefam, wato Valium, wanda yaran gari ke kira D5, da 'yan uwansa Lexotan da Rohypnol. Doka ta ce sai da takardar likita ake sayar da su, amma kowa ya san yadda ake miƙo su a wasu kemis. Sai mace ta haɗiye guda biyu don tsoron allura, ba ta gaya wa kowa ba. To, ku saurara da kyau. Fuska cike take da jijiyoyin jini, wasu kuma suna haɗe da jijiyar da ke ciyar da ido. Idan ruwan nan ya faɗa cikin ɗayansu ya toshe ta, fata na iya mutuwa, ido na iya makancewa. Alamar farko ita ce zafi mai tsanani, ko fata ta yi fari fat, ko gani ya dushe. Wadda ƙwaya ta sa ta gyangyaɗi yaya za ta ce a dakata? Akwai allurar narkar da ruwan, amma aikinta na gaggawa ne, kuma ba a samun ta a ɗakin mai kitso da ke yin allurar cika fuska, sai a asibiti. Ga hanyar zuwa asibiti a Kontagora, ba kowa ke son bin ta bayan magariba ba.

Akwai kuma masu yin akasin haka, su watsar da maganinsu rana tsaka don za a yi musu allura. Wanda ya daɗe yana shan diyazefam, in ya bari farat ɗaya, zai iya gamuwa da rawar jiki da rashin barci, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne kaɗai ke rage shi, sannu sannu.

Ni dai a ganina, wadda madubi ke hana wa barci ta fi bukatar ganin likitan ƙwaƙwalwa, kamar waɗanda ke asibitin Barnawa a Kaduna, kafin ta nemi mai allura. Zuwa can ba hauka ba ne.

'Yar uwa, in kin nace sai kin yi, ki je wurin likita mai lasisi, ki duba lambar NAFDAC a jikin kwalin, ki ɗauki duk magungunan da kike sha ki zube masa su a kan tebur kafin ya buɗe allura.