Ɗakin Ajiya na Ƙarfe: Daga Ƙasa Lissafin Yake Farawa

Gidaje sun matse, kaya kuma sun yi yawa. Zauren da a da ake jibge buhuna da tabarmi da kayan noma a cikinsa ya koma shago ko ɗakin samari, shi ya sa ɗan ɗakin ajiya na ƙarfe a bayan gida ya samu kasuwa. Iri biyu ne ke yawo. Akwai wanda yake zuwa a kwali daga waje, galibi daga Sin, da takardar bayani da ledojin sukurori, mai gida ya haɗa da kansa ko ya kira wani. Akwai kuma wanda ake sayo ƙarfe da kwano a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, a miƙa wa mai walda. Mu da muke sana'ar ɗakunan ƙarfe, tambayoyi uku muke sha kullum: nawa ne, ƙafa nawa ne, mene ne kaurin kwanon. Da wuya ka ji mai saye ya ce a kan me zai zauna, da me kuma za a ɗaure shi. Alhali amsar waɗannan biyun ita ke nuna ko ɗakin zai shekara goma sha ko damina biyu. A ganina, duk wanda kuɗinsa bai kai ya yi daɓe ya ɗaure ɗakin ba, to kuɗinsa bai kai sayen ɗakin ba tukuna.

Dalili na farko iska ce. Ɗakin ƙarfe shi ne gini mafi rashin nauyi a gida. Na kwali mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2.4, kaurin kwanonsa yawanci tsakanin milimita 0.25 ne da 0.3, kuma gaba ɗayansa da ƙyar yake wuce kilo 100 da 'yan kai. Ƙarfin iska kuwa ba ya tafiya daidai da gudunta: idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin sai ya ninka sau huɗu. Iskar da ke gudun kilomita 100 a awa tana matsa kowace murabba'in mita da abin da ya haura kilo 40. Rufin ɗakin da muka ambata ya kai murabba'in mita 7.2, don haka ana maganar kilo 300 ko fiye. Injiniyoyi suna ƙara wa wannan lissafi ko su rage gwargwadon siffar rufi, amma ko an rage rabi, ya riga ya fi nauyin ɗakin. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, iskar da ke wucewa ta saman rufi mai ɗan gangara ba danne shi take yi ba, tsotso shi take yi sama, ta fi kuma ƙarfi a kusurwoyi da baki-baki. In aka yi rashin sa'a ƙofa ta buɗe ta fuskar iskar, sai ta cika cikin ɗakin ta riƙa turawa daga ƙasa, ta waje tana ja. Irin wannan iska ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Hadarin farkon damina da ke tasowa daga gabas da ƙura a gabansa kowace shekara yana kwashe rufin makarantu da masallatai, kuma mutanen Bauchi ba su manta da guguwar watan Yunin 2018 ba. Abin da ya yaye kwanon da aka buga a jikin katako bisa ginin bulo, me zai hana shi ɗaukar ɗakin da aka ajiye a kan ƙasa kawai?

Amsar da aka fi ba mu ita ce, ai kayan da ke ciki za su danne shi. Buhu ashirin na masara tan biyu ne, gaskiya ne, amma a kan ƙasa suke zaune, ba su da haɗi da jikin ɗakin. Yawancin na kwali ma ba su da ƙasan kansu, bango huɗu ne da rufi. Iska za ta ɗage ɗakin ta bar buhunan a fili, kamar yadda ake ɗage faifai daga kan ƙwarya. Wasu kuma su ce katanga ta kare shi. Takan rage turin da ke zuwa ta gefe, wannan ba musu, sai dai iskar da ta tsallako katanga takan juya a bayanta tana murɗawa, rufin ɗakin kuma sau da yawa daidai yake da kan katangar ko ya ɗan fi ta. Ɗora bulo ko tsohuwar taya a kan rufi ya fi komai muni: kwanon ba zai ɗauki nauyin ba, zai lotsa ya tara ruwa, in kuma iskar ta yi ƙarfi bulon ya zama abin jifa. A tuna kuma cewa kwano idan ya tashi ba na mai shi kaɗai ba ne. Gidan maƙwabci yake faɗawa, inda yara ke tsakar gida. Su kansu masu ƙera waɗannan ɗakuna, irin su Arrow a Amurka da Absco a Ostareliya, suna rubutawa a takardunsu cewa sai an ɗaure ɗakin da ƙasa. Matsalar ita ce notocin ɗaurin sau da yawa daban ake sayar da su, don haka mai shigo da kaya kan kawo kwalin ba tare da su ba.

Dalili na biyu ruwa ne, shi kuma a hankali yake aikinsa. Kwanon nan ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya ko haɗin alminiyom da tutiya, wannan siririn rufi ne kawai ke tsakaninsa da tsatsa. Idan ruwa ya jiƙa shi ya bushe, ba komai. Idan bakinsa na ƙasa ya zauna cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga Yuli zuwa Satumba, rufin tutiyar yana cinyewa, tsatsa ta kama daga gindi tana hawa. Duba duk tsohon ɗakin kwano da ka sani, za ka tarar saman lafiya lau, ƙasan ne ya zama rariya. Ta nan ɓera ke shiga, shi da ƙaramin rami mai faɗin fensir ya ishe shi. Maganin duka daɓen kankare ne mai kaurin santimita 10, wanda ya ɗaga sama da ƙasar tsakar gida, an shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashinsa don kada danshi ya huda, an kuma ɗan zaftare bakinsa ta waje don ruwan da ya gangaro daga bango ya tafi maimakon ya kwanta ya shigo. Ga ɗaki mai girman da muka faɗa, daɓe mai mita 3.2 da 2.6 zai ci buhun siminti 5 zuwa 6 a kwaɓin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Nauyinsa ya kai tan 2. Da zarar an ɗaure ɗakin a jikinsa da noti a kowace kusurwa da tsakiyar kowane bango, iskar da ke neman ɗaukar kilo 100 sai ta tarar da tan 2. A bar kankaren ya sha ruwa aƙalla kwana 7 kafin a huda shi, domin notin da aka ɗaure a ɗanyen daɓe yakan fasa bakin ne kawai.

Daɓe kuma shi ke sa haɗin ya yiwu tun farko. Ƙorafin da ya fi yawa a kan ɗakin kwali shi ne ramukan sukuru ba sa haɗuwa, sai a ɗora wa kamfani laifi. A mafi yawan lokuta ramukan daidai suke, ƙasar ce ba ta kwanta ba. Bambancin santimita ɗaya a gindi, kafin a kai rufi ya karkatar da komai, ƙofa mai zamewa ta riƙa cijewa, mai haɗi ya gaji ya ɗauko injin huda ya yi sababbin ramuka, kowane rami kuwa ƙofar yoyo ce da tsatsa. Ka'idar a sauƙaƙe take. A shimfiɗa ƙarafan gindi, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke gicciyenta, a auna ɗaya gicciyen, sai awon biyu sun zo ɗaya. Kada a matse sukurori sai bango huɗu sun tsaya an sake awo. Na rufi masu roba a wuya, a matse su har robar ta zauna, ba har ta fashe ba. In dole sai an yanka kwano, a yi da almakashinsa, domin injin yankan ƙarfe yana ƙona tutiyar, ɓurɓushin da yake watsawa kuma yana manne wa fenti ya yi tsatsa. Aikin mutum biyu ne aƙalla, da safar hannu, a ranar da ba iska.

Akwai masu cewa gara a bar na kwali a je wa mai walda. Suna da hujja babba. Ƙarfen da mai walda zai yi amfani da shi ya fi kauri, ƙofarsa ta fi jure ɓarawo, domin kwanon milimita 0.25 almakashi ma yana yanka shi, sukurorinsa kuma ta waje ake kwance su. Amma walda tana ƙona duk wani rufin kariya a inda wuta ta taɓa, sai an goge wurin an shafa jan fenti kafin fentin sama, abin da ake yawan tsallakewa don a rage kuɗi. Ƙafafun ɗakin mai walda kuma in an kafa su a ƙasa tsirara, ruɓewa za su yi kamar na kowa. Nauyinsa ya fi, amma bai kai ya gagari guguwa ba. Ko wanne aka zaɓa, maganar ƙasa tana nan.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi na kuɗi ne: idan har sai na yi daɓe, me zai hana in ɗora bulo in huta? Ga mai gidan kansa da ke son ajiye hatsi ko kaya masu tsada, sau da yawa hakan ya fi, ba na ɓoyewa duk da sana'ata ce. Bulo ya fi sanyi, ya fi tsaro. Amfanin ɗakin ƙarfe shi ne sauri, da rashin gara, da kuma yiwuwar kwance shi. Wannan na ƙarshe shi ne hujjar ɗan haya, wanda ba ya son zuba siminti a gidan wani. Shi ma yana da hanya: a haƙa rami mai zurfin kamar rabin mita a kowace kusurwa, a zuba kankare da noti a tsaye a ciki, a cika tsakiya da tsakuwa a jera bulon daɓe. Ranar tashi a kwance notin a tafi da ɗakin. A dai nemi yardar mai gida, a birane kuma a tambayi hukumar tsara gari, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, musamman idan ɗakin zai fito gaban gida ko ya kusanci magudanar ruwa.

Tun da daɓe ba ya matsawa bayan an zuba shi, zaɓen wuri ma a nan yake. Kada a ajiye shi a ƙarƙashin indararo, ko inda ruwan tsakar gida ke bi, ko manne da garken awaki, domin fitsarin dabba yana cin tutiya, haka ma takin zamani idan buhunsa ya jingina da kwano. A bar tazarar da mutum zai ratsa tsakaninsa da katanga ya share. Ƙofa kada ta kalli gabas in da hali. Inuwa kuma tana da daraja: a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura maki 40, cikin rufaffen ɗakin kwano ya fi haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake son tagogin iska biyu masu raga, ɗaya ƙasa ɗaya sama a bangon da ke kallon juna, shi ya sa kuma jarkar fetur da tukunyar gas da irin shuka ba su da wuri a ciki. Janareto ma kada a kunna shi a rufe a can, hayaƙinsa yana kisa. Buhunan hatsi a ɗora su a kan katako, nesa da bango, saboda raɓar da kwano ke tarawa ta ciki a tsakiyar damina. Lokacin yin aikin gaba ɗaya shi ne bayan iskar hunturu ta lafa, wajen Fabrairu zuwa Maris, yadda kankaren zai cika kwana 28 ɗinsa, notoci su kama, kafin hadarin farko ya taso.